Littattafan ƙarin dokoki sun yi mini yawa: dole ne in saye su duka?

Tambaya: Na fara jagorantar wasan Dungeons & Dragons ga abokaina huɗu. Da littattafan tushe guda uku muka soma, komai yana tafiya daidai. Yanzu ɗaya daga cikinsu kusan duk zama sai ya zo da wata sabuwar doka daga wani littafin ƙari, jaruminsa ya fi na kowa ƙarfi, ni kuma ban san abin da ke cikin littattafan ba. Da na duba jerin waɗanda aka buga sai kaina ya ɗaure. Me ya sa suka yi yawa haka, kuma dole ne in saye su in karance kafin in zama jagora na ƙwarai?

Amsa: Ɗan'uwa, ba dole ba ne, kuma ina roƙonka kada ka gwada. Na daɗe ina jagorantar irin wannan wasa, kuma na ga mutanen da suka bar shi ba don ya gundure su ba, sai don sun ɗauka cewa wanda bai haddace tarin littattafan nan ba bai cancanci zama a kujerar jagora ba. Wannan tunanin ne nake so in cire maka, amma sai ka fara sanin inda ambaliyar ta samo asali.

Ga mai karatun da bai san wasan ba: mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ƙirƙiri jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa, jagora kuma ya ba da labarin duniyar da suke ciki, a jefa dayis, wato 'yan ƙwallaye masu kusurwa da lambobi a jikinsu, a duk inda sakamako ke cikin shakka. Littafin dokoki shi ne ke faɗin yadda ake gina jarumi da yadda ake warware faɗa, sihiri da sauransu.

Kamfanin da ke buga wannan littafi yana da wata matsala da mai gidan burodi ba shi da ita. Wanda ya sayi burodi yau zai cinye, gobe ya dawo. Wanda ya sayi littafin dokoki kuwa, shi da abokansa biyar za su iya shekara goma suna wasa da kwafi ɗaya ba su ƙara kashe ko sisi ba. Ga marubuta da masu zane da editoci suna jiran albashi duk wata. Saboda haka dole kamfani ya nemo abin da zai sake sayar wa mutumin da ya riga ya mallaki duk abin da yake buƙata.

To me zai sayar? A kowane tebur jagora ɗaya ne, 'yan wasa huɗu ko biyar. Littafin da ke ɗauke da shiryayyen labarin kasada jagora kaɗai ke saye, har ma ba a son 'yan wasa su leƙa ciki kada su san sirrin. Littafin da ke ƙara wa jarumi sababbin baiwa, makamai da sihiri kuwa kowa a teburin zai iya sha'awarsa. Kasuwarsa ta ninka ta farko sau huɗu ko biyar. Sannan ɗan wasa ba zai fitar da kuɗi don zaɓin da ya gaza wanda yake da shi ba, don haka akwai matsi a kan marubuci ya sa sabon ya ɗara tsohon ko da kaɗan ne. Kaɗan a wannan littafi, kaɗan a na gaba, shekara biyar sai ka tarar jarumin littafin tushe ya zama ƙanin kowa. Abin da kake gani a wurin abokinka ke nan, kuma ba lallai ne da mugun nufi yake yi ba. An rubuta littafin ne don ya ja hankalin mutum irinsa.

Abin ba sabo ba ne, tare da wasan aka haife shi. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, cikin ƙananan littattafai uku, da rukunin jarumai uku kacal: mayaƙi, mai sihiri da malamin ibada. Shekara ɗaya da fitowarsa, a 1975, littafin ƙari na farko mai suna Greyhawk ya fito ya kawo ɓarawo da paladin, wato mayaƙin addini, Blackmoor ya biyo baya a shekarar. Lura da cewa ɓarawo, wanda yau ba a tunanin wasan ba tare da shi ba, daga littafin ƙari ya shigo. Zan dawo kan wannan.

Inda abin ya zama ambaliya na gaske shi ne bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1989. TSR ya shiga buga littafi guda ga kowane rukuni da kowace ƙabila: na mayaƙi, na ɓarawo, na mai sihiri, na elf da na dwarf (ƙabilun halittu na tatsuniya), kowanne cike da sababbin salon gina jarumi. A gefe guda kuma ya riƙa buɗe duniya bayan duniya. Ga Forgotten Realms da Dragonlance da ake da su, sai Spelljammer a 1989, Ravenloft a 1990, Dark Sun a 1991, Al-Qadim a 1992, Planescape a 1994, Birthright a 1995, kowacce da nata jerin littattafai. A wajen fasaha wasu daga cikinsu suna cikin mafi kyawun abin da aka taɓa rubutawa a wannan fage, kuma har yau ina ganin Planescape da Dark Sun da daraja ƙwarai. Amma a wajen kasuwa kamfanin yanka masu sayensa ya yi gunduwa-gunduwa. Mai wasa a Dark Sun ba ruwansa da littafin Birthright, ga kuɗin buga kowanne bai ragu ba. Akwai kuma yarjejeniyar da TSR ya yi da Random House mai rarraba masa littattafai, wadda ke ba shi kuɗi da zarar ya aika kaya, ba sai an sayar ba, abin da bai shiga ba kuma a dawo masa da shi ya zama bashi. Irin wannan tsari tura kamfani yake yi ya yi ta bugawa ko ana so ko ba a so. Zuwa ƙarshen 1996 kaya suka yi ta dawowa, bashi ya taru, aikin bugawa ya tsaya, a 1997 Wizards of the Coast ya saye TSR. Na kawo wannan ne don ka ga cewa yawan littattafai a kanta ba shaida ba ce cewa masu wasa sun nemi su.

A 2000 bugu na uku ya fito tare da wani lasisi, Open Game License, wanda Ryan Dancey na kamfanin Wizards ya tsaya a kansa, da ya ba kowa damar rubuta littafin da ya dace da dokokin wasan ya sayar. Ƙananan kamfanoni suka cika shaguna da littattafai, masu kyau da marasa kyau a gauraye. Da Wizards ya fitar da gyararren bugu, 3.5, a 2003, kayan da ke jibge a shaguna suka zama tsohon yayi dare ɗaya, ƙananan kamfanoni da dama suka durƙushe. Shi kansa Wizards bai sassauta ba. Sihirin da aka warwatsa a littattafai ya yi yawan da a 2005 sai da aka buga littafi guda, Spell Compendium, don tattara fiye da dubu a wuri ɗaya, a 2007 kuma aka yi wa dokokin kansu irin wannan tattarawa. Bugu na huɗu na 2008 ya bi sahu, har littafin ɗan wasa ya samu na biyu a 2009 da na uku a 2010, kuma masu wasa da yawa ba sa iya gina jarumi sai da manhajar kwamfuta ta kamfanin da ake biya wata-wata. Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya taso daga dokokin 3.5 a 2009, shi ma ya tara nasa dutsen littattafai kafin ya sake sabon bugu a 2019. Ba D&D kaɗai ba: White Wolf ya yi littafi ga kowane dangin masu shan jini a wasansa na Vampire, Rifts na Palladium kuwa ya yi suna wajen sa jaruman sabon littafi su fi na tsohon ƙarfi.

Idan ka kalli tarihin nan za ka ga zagaye ne. Sabon bugu ya fito da sauƙi, a yi ta ɗora masa kaya har ya gagari sabon shiga, ciniki ya ja baya, sai a share a sake sabon bugu a sayar wa kowa littattafan tushe daga farko.

Yanzu bari in zauna a kan yadda yawan ke ɓata wasa, domin mutane kan ɗauka matsalar nauyin karatu ce kawai. Ta fi haka. Dokoki ba su zaune ɗaiɗai, haɗuwa suke yi da juna. In akwai zaɓi 10, hanyoyin haɗa biyu daga ciki 45 ne, ana iya gwada su duka a mako guda. In zaɓin ya kai 100, haɗin ya zama 4,950. In ya kai 1,000, ya zama 499,500, kuma wannan haɗin biyu-biyu ne kawai, alhali jarumi ɗaya yakan ɗauki abubuwa goma ko fiye. Babu kamfanin da zai iya gwada wannan. Marubucin littafi na ashirin yana auna aikinsa da littafin tushe, ba ya auna shi da wani sakin layi da ke shafi na ɗari na littafi na bakwai da wani ya rubuta shekara uku baya. Masu wasa kuwa dubbai ne a intanet, suna da lokaci, kuma sai sun gano. Shahararren misali shi ne Pun-Pun na zamanin 3.5, wani ƙaramin kobold, wato ɗan dodo mai rauni, da aka nuna cewa ta hanyar haɗa dokoki daga littattafai daban-daban, ciki har da baiwar wata halitta da ke littafin Serpent Kingdoms, zai iya ba kansa ƙarfi marar iyaka. Ba don a yi wasa da shi aka ƙirƙire shi ba, an yi ne don nuna inda ɗinkin ya yage.

A teburinka ba za ka haɗu da Pun-Pun ba, abin da za ka haɗu da shi ya fi shi ƙanƙanta amma ya fi shi ɓarna. Mutum ɗaya ya karanta littattafai shida, uku sun tsaya a na tushe. Ka kawo dodon da ya dace da ukun, mai littattafai ya kashe shi kafin su ɗaga hannu. Ka kawo wanda ya dace da shi, ukun su faɗi. Sannu a hankali sai su daina kawo shawara, su zuba ido su bar shi ya yi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, domin mutumin da ya yi shiru a tebur ba ya cewa an ɓata masa, zuwa kawai yake dainawa.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a cika lura da ita ba. Kafin a rubuta doka a kan wani abu, kowa yana iya gwada shi. Ɗan wasa ya ce zai watsa wa abokin gaba ƙasa a ido, jagora ya ce jefa dayis mu gani. Ranar da littafin ƙari ya mai da wannan ya zama baiwa ta musamman da sai an zaɓa, duk wanda bai zaɓe ta ba sai ya ji kamar an haramta masa. Littafin da aka sayar da sunan ƙara zaɓi ya rage shi ke nan. Daga nan idon ɗan wasa yakan bar labarin ya koma kan takardar jaruminsa, yana neman abin da aka yarje masa. Ga kuma lokacin da ke tafiya wajen bincike: faɗan da ya kamata ya ɗauki minti ashirin ya ci awa ɗaya saboda ana ta buɗe littafi.

Ba na so ka fahimce ni a kan cewa littafin ƙari sharri ne. Na ce zan dawo kan ɓarawo: yawancin abin da muke ƙauna a wasan nan ta wannan ƙofa ya shigo. Wani littafin ma gyara yake kawowa. A bugu na biyar mutane sun daɗe suna kukan cewa mafarauci, wato ranger, ya fi sauran rauni, kuma Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ne ya kawo masa sauƙi. Wanda ya shekara biyar yana wasa, ya gwada duk rukunai 12 da ke littafin ɗan wasa na 2014, yana da haƙƙin son sabon abu. Wasu kuma gina jarumi shi ne daɗin wasan a wurinsu, suna jin daɗinsa ko a ranar da ba a zauna ba, kuma wannan sha'awa ce halastacciya.

Ya kamata kuma a yi wa bugu na biyar adalci, wanda nake zaton shi kake wasa. Da ya fito a 2014 Wizards ya rage gudu da gangan, yana fitar da littattafai ƙalilan a shekara, yawanci labaran kasada. Babban littafin ƙarin zaɓi na farko, Xanathar's Guide to Everything, sai 2017 ya fito, kuma a shekara goma sabon rukunin jarumi ɗaya tak aka ƙara, artificer, wato mai ƙera kayan sihiri, a 2019. Duk da haka taruwar ta faru, ga kuma abin da wasu ke bugawa ta Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, da kasuwar intanet ta Dungeon Masters Guild da aka buɗe a 2016, wanda ba ya ƙirguwa. Abin lura shi ne, a wasannin da kamfanin ke shiryawa a shaguna da taruka, Adventurers League, an yi shekaru ana bin wata doka: ɗan wasa ya gina jaruminsa da littafin tushe da littafin ƙari guda ɗaya kawai. Mai buga littattafan da kansa ya san ba a zuba su duka a tebur ɗaya.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Da farko raba littattafan gida biyu a ranka. Akwai na jagora: labaran kasada, dodanni, bayanin garuruwa da ƙasashe. Waɗannan ba sa cutar da kowa, domin kai ke ɗaukar abin da kake so ka bar saura, kuma ba sa haɗuwa da juna sai ka haɗa su. Wasan Call of Cthulhu na Chaosium yana nan tun 1981, akasarin abin da ake buga masa labarai ne, shi ya sa labarin da aka rubuta a shekarun 1980 har yau ana iya wasa da shi da ɗan gyara. Akwai kuma na 'yan wasa, masu ƙara baiwa da sihiri. Su ne ke buƙatar shinge.

Shingen kuwa kai da mutanenka za ku kafa, kuma a fili. Ka ware zama ɗaya ba wasa, ka faɗa musu cewa a wannan labarin littafin tushe ne doka, sai littafin ƙari ɗaya da kuka amince da shi ku duka. Duk abin da ke wajen wannan, mai so ya kawo maka shi kafin ranar wasa, ba a tsakiyar faɗa ba, ka karanta shafin da kanka. Ba littafin gaba ɗaya za ka karanta ba, shafi ɗaya ko biyu ne. In kana karantawa ka tambayi kanka: wannan abu yana sa jarumin ya yi wani abu daban ne, ko dai abin da wani a teburin ke yi ne amma ya fi shi? Na farko yawanci lafiya ne. Na biyu shi ke kashe wa mutane gwiwa. Ka fi sa ido a kan mai gina jaruminsa da mataki ɗaya daga wannan rukuni, biyu daga wancan, don tsinto mafi daɗin kowanne, domin a nan haɗin da ba a gwada ba ya fi ɓuya. Kuma duk abin da ka yarda da shi ka ce gwaji ne na zama uku, in ya kawo matsala za a janye, mai shi ya sake gina jaruminsa ba tare da ya yi asarar komai ba. Faɗin wannan tun farko yana hana rigima daga baya.

Shi kuma abokin naka, ka same shi ku biyu, kada ka ƙure shi a gaban mutane. Mutumin da ke karanta littattafai haka yana ƙaunar wasan ne, kuma ba kowane tebur ke samun irinsa ba. Ka gaya masa gaskiya cewa sauran sun fara zama 'yan kallo. Ka nemi ya taimaka musu su gyara nasu jaruman, ko ya zama mai duba doka in an yi saɓani don kai ka ci gaba da labari. Da yawa daga cikin irinsu, in aka ba su wannan aiki, da kansu suke rage ƙarfin jaruminsu. Wasu ma daga nan suke zama jagorori.

Game da saye, kada ka sayi littafi don ya fito, ka saye shi in wata buƙata ta taso a teburinka har sau biyu ko uku ka rasa yadda za ka yi. In mutanenka sun sayi jirgin ruwa suna ta faɗa a teku, a lokacin ne dokokin jirgin ruwa ke da amfani. Da dala ake sayar da littattafan nan, na tushe na 2014 da suka fito kowanne kusan dala 50 aka sayar da shi, ban da kuɗin aikowa, don haka ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka kashe kuɗi ka duba abin da ke kyauta ta halal: Wizards ya saki taƙaitattun dokokin bugu na biyar kyauta tun 2014, a 2023 kuma ya sa ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai ba kowa damar amfani da su, dokokin Pathfinder kuma ana karanta su kyauta a shafin intanet na Archives of Nethys da yardar Paizo.

In kuma bayan duk wannan ka ga nauyin dokokin kansa ne ya ishe ka, akwai wasannin da aka gina don kada su kumbura. Basic Fantasy yana bin salon D&D na farkon shekarun 1980, littafi ɗaya ne kuma kyauta. Blades in the Dark na John Harper, na 2017, cikakke ne a littafi guda, shi Harper ɗin kuma yana da Lasers & Feelings wanda dokokinsa duka shafi ɗaya ne. Ka gwada ɗaya daga cikinsu na zama biyu tsakanin labari da labari, ka lura da wanda ya fi yin magana a teburin a ranar, musamman cikin ukun nan da suka yi shiru.